Kuku da Gaton Matarsa

Alƙasim mutumin Deule ne, amma a Madawa aka san shi, kuma ba a kiran sunansa sai an haɗa da aikinsa: Alƙasim Kuku. Ya baro ƙauyensu yana saurayi a shekarar da fara ta cinye geron Adar, ya shigo gari da sanda da gora, ya samu aikin faskare a bayan gidan kumandan, Bafaranshen da ke mulkin yankin. Daga faskare ya koma wankin tukwane, daga nan ya kama wuƙa. Kafin ya cika shekara goma sha ɗaya a bariki, kumandan uku sun ci daga hannunsa. Ya iya burodi, ya iya gasa zabo har ƙashi ya yi laushi, ya iya gato, wato kek ɗin Faransawa, har iri biyar, ya kuma tsinci Faransancin da zai ishe shi jin umarni da mayar da amsa. In ya ɗaura farin gyalen aikinsa a ƙugu, ko tafinta ba ya yi masa kallon raini.

Matarsa Biba ƴar Garhanga ce, doguwa, marar yawan magana. Ta gane halinsa tun watan farko na aure. Alƙasim ba ya duka, ba ya zagi, ba ya barin gida babu cefane. Aibinsa ɗaya ne: bai taɓa kai loma daga tukunyarta zuwa bakinsa ya haɗiye shiru ba. Yau daddawa ta yi yawa, gobe tuwo bai sha tuƙi ba. Ita kuwa sai ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Maƙwabta na yabon miyarta, shi yana cewa ai ba su san abinci ba.

A shekarar 1942 yaƙin Turai ya toshe hanyoyi. Kamyo, babbar motar da ke kawo kayan Anasara, ya rage zuwa, daga baya ya daina. Farin garin alkamar Faransa ya ƙare, sukari ya ƙare, haka ma ɗan gwangwanin hodar nan da ke sa ƙullu ya tashi. Madam, matar kumandan, ta fi kowa jin abin a jikinta. Shekara guda ba ta samu wasiƙa daga danginta ba, ta rame, kuma shayin la'asar da take sha a baranda ya koma ruwan zafi babu abin haɗawa.

Wata safiya ta leƙo madafa ta ce wa Alƙasim ya yi mata gato da abin da ƙasar ke da shi, ko mene ne.

Ya ce an gama. Ya sayo alkamar fadama, ya sa aka niƙa aka tankaɗe sau biyu, ya haɗa da ƙwan zabi da man shanu da zuma, ya gasa a murhun ƙarfe. Abin da ya fito ya yi kyan gani, amma wuƙa ta ƙi shiga. Hamidu, gardin da ke tsaron ƙofar gidan, ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da jikin bango.

“Kuku, wanga in anka sa shi a majajjawa sai shi kada hasbiya,” in ji shi.

Kwana uku Alƙasim na gwadawa, kwana uku Madam na ture asiti, tasar cin abincinta, gefe. Ran na uku ya koma gida hutun azahar fuska a ɗaure. Ya tarar da Biba a inuwar rumbu tana feraye kabewa. Uwarta ce ke aiko mata da ita daga Garhanga kowace kaka ta hannun masu jakai, manya-manya, masu jan ciki, har sai sun cika kusurwar ɗaki.

“Mi ya same ka, maigida?” ta tambaya.

Da wata rana ce da ba zai amsa ba. Amma abin ya cika shi, sai ya zauna a kan turmi ya zayyana mata komai.

“Shi gaton, in ya yi kyau, ƙaƙa yake?”

“Laushi gare shi. In kin danna sai shi dawo. Cikinsa ƴan ramu-ramu ne kamar soso, samansa yana ƙyalli.” Ya dube ta ya ƙara da cewa, “Ba aikin murhun duwatsu uku ba ne, kar ki wahalar da kanki da tambaya.”

Ta ce to.

Washegari da ya dawo azahar, ƙamshi ne ya tarye shi tun daga zaure: citta, kanumfari, zuma da ta ji wuta. A kan faifai an jera wasu ƴan dunƙule guda goma sha biyu, kowane faɗin tafin jariri, launin ɗorawa, samansu na ƙyalli kamar an shafa musu mai. A gefe ga kasko biyu, ɗaya kife a kan ɗaya, da sauran toka a bayan na sama.

“Na gwada ne kawai,” in ji Biba. “Kabewar ta yi yawa bana.”

Ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa. Ya dawo. Ya raba shi biyu ya duba cikinsa, sannan ya sa a baki. Bai buƙaci haƙori ba. Zumar da ke sama ta yi ɗan ɓawo siriri, ƙarƙashinta laushi ne zalla, ga ɗanɗanon kabewa na biyowa a hankali. Shekara goma sha ɗaya yana shan hayaƙin bariki. Ita kuwa da kasko biyu da garwashin kara.

“Zuma ta yi yawa,” ya ce.

Ya naɗe sauran a tsumma mai tsabta, ya ce zai kai wa gardi-gardi, su ba su da zaɓe. Da ya isa bariki bai ko dubi wajen Hamidu ba. Ya jera su a farin asiti mai bakin zinari, ya kai baranda tare da shayi.

Madam ta ci ɗaya. Ta ci na biyu tana kallon nesa. Sannan ta ce masa kakarta takan yi wani abu mai kama da wannan da zuma da kayan ƙamshi in sanyi ya shigo a ƙasarsu. Ta miƙo hannu ta kama nasa ta girgiza, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara huɗun da ta yi a gidan. Ta ce kullum la'asar shi take so.

Ya ce, “Marsi, Madam.” Ya koma madafa ya zauna a kan akwatin gawayi, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Da safe ya sayo kabewa a kasuwa ya rufe ƙofar madafa. Harshensa bai yi masa ƙarya ba: ya gane alkama, ƙwai, man shanu, citta, kanumfari, har da ɗan tsamin nono da ke ɓoye a ciki. Ya haɗa su duka, ya buga ƙullun har kafaɗarsa ta yi ciwo. Ya fito a daskare kamar tuwon jiya. Ya jefa shi bayan katanga. Tambaya ɗaya ce tsakaninsa da sirrin, kuma mai amsar tana cikin gidansa, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

“Gardi-gardi sun ce ba laifi,” ya ce wa Biba da azahar. “Ki ƙara yi, in ga ko hannunki zai gyaru.”

Haka aka shiga. Kullum da hantsi tana gasawa yana bariki, da azahar ya zo ya ɗanɗana ya samo aibi, ya naɗe ya tafi da shi. Madam ta fara murmurewa. Kumandan da kansa, wanda ba ya cin zaƙi, ya fara dawowa daga biro, wato ofishinsa, da wuri don kar ya rasa. Duk yabon da aka yi wa Alƙasim sai ya ji kamar an ɗora masa dutse. Ya kan dawo gida ya tarar da Biba tana waƙa ƙasa-ƙasa tana wanke kasko, sai ransa ya ɓaci ba tare da ya san abin da zai ce ta yi ba. Da ya ji matan maƙwabta na zancen ƙamshin da ke fita daga gidansa, ya hana ta ba kowa ko gutsure. Wata rana ya saci jiki ya dawo da wuri, ya tsaya bayan zana yana leƙen matarsa kamar ɓarawo. Ya makara. Bai ga komai ba sai hannunta tana zuba garwashi a bayan kasko.

Biba ba wawuya ba ce. Lantana, matar Hamidu, ƙawarta ce, kuma ta riga ta gaya mata cewa mijinta ko warin abin bai taɓa ji a hannun Alƙasim ba. Ba ta tayar da maganar ba. Sai dai ranar da ta cika kwana ashirin tana yi, tana miƙa masa faifan ta ce, “Gardi-gardin nan ba su ƙoshi har yanzu?”

Ya karɓa bai dube ta ba.

A mako na huɗu wani likita ya zo rangadi da matarsa, suka sauka a gidan kumandan. Da la'asar aka kai musu gaton kabewa. Aka kira Alƙasim baranda, baƙi suka tafa masa, ya tsaya yana murmushi kamar wanda ya je biki da rigar aro mai ita na zaune a wurin. Matar likita ta ce ba za ta bar Madawa ba sai da bayanin yadda ake yi. Madam ta ce wannan mai sauƙi ne: gobe da safe Kuku zai yi a gabanta, ita kuma ta rubuta.

Da safe Madam ta zo madafa da littafi da fensir, ta ja kujera ta zauna. Alƙasim ya yi duk abin da ya sani, a natse, da ƙwarewar da ba mai musunta. Ya sa a murhu yana addu'a a zuci. Da ya fito da faranti, Madam ta danna ɗaya da yatsa. Ramin yatsar ya zauna yadda yake.

Ya ce kabewar ce. Ta Madawa ruwa gare ta, ba kamar ta tudu ba.

Hamidu na tsaye a taga, ya kawo takardun biro yana jiran a karɓa. Shi tsohon soja ne, yana da nasa guntun Faransancin, kuma ba da mugunta ya yi magana ba, shi a ganinsa abin alfahari ne. Ya ce wa Madam kabewa ba ta da laifi, matar Kuku ce ke yi a gida, unguwa duka ta san haka saboda ƙamshi.

Madam ta dubi Hamidu, ta dubi Alƙasim. Ya shirya wa faɗa, har ma da kora. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana share ido da bayan hannu. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce Hamidu ya je ya zo da matar.

Biba ta iso da ƙwarya a ka, kasko biyu a hannu, sanye da baƙin zanenta na fita. Ta tuɓe takalmi a bakin madafa, ta durƙusa ta gai da Madam. Ba ta kalli mijinta ba. Ta leƙa murhun ƙarfe, ta girgiza kai, ta fita tsakar gida ta hura garwashi a ƙasa. Madam ta bi ta, ta tattare riga ta tsuguna kusa da ita. Tun da Biba ba ta jin Faransanci, Madam kuma ba ta jin Hausa, sai aka ce Alƙasim ya tsaya tsakaninsu ya yi tafinta. Ya tsaya da farin gyalensa, hannuwa biyu babu aikin yi.

Biba ta dafa kabewar da ruwa kaɗan, ta tsane ta, ta murje ta cikin rariya har ta yi sumul. Ta zuba gari, ƙwai biyu, man shanu narkakke, dakakkiyar citta da kanumfari, zuma, sannan nono mai tsami. Tana yi tana faɗi, shi yana juyawa, Madam na rubutawa. Duk wannan ya sani. Sai ta ciro wani ɗan gora daga cikin ƙwarya, ta tsiyaya wani ruwa a bakin ludayi, ta ɗanɗana ƙullun, ta zuba, ta juya sau uku kawai. Ƙullun ya yi ƴan kumfa ƙanana, ya ɗan motsa kamar mai numfashi.

Warin ya isa hancin Alƙasim. Kanwa. Kanwar da ake sa wa tumaki a ruwa, wadda ake jefawa a miyar kuka. Kullum yana wuce ta a kasuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

Madam ta nuna goran ta tambaya.

“Ka ce mata ruwan kanwa ne,” in ji Biba. “A jiƙa ta kwana, a tace. Ita da nono su ka tada shi.”

Yanzu ya sani. In Madam ba ta sani ba, gobe shi zai yi da hannunsa, Biba ta koma ga tuwonta, komai ya dawo wurin zamansa.

“Ruwan gishiri ne, Madam,” ya ce da Faransanci. “Gishirin ƙasarmu.”

Madam ta taɓa da yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska, ta rubuta.

Biba ta ɗiga ƙullun cokali-cokali a kasko, ta kife ɗayan, ta rufe da garwashi. Kafin ya gasu ta ɗora zuma da man shanu a wuta da ɗan ruwan tsamiya, tana ɗagawa da ludayi har ya fara jan zare. Da ta buɗe kasko, sun kumbura sun yi ja. Ta bar su suka sha iska, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gashin zabo tana shafa musu zumar. Madam ba ta jira asiti ba, ta ɗauka da hannu. Daga baya ta shiga ɗaki ta fito da kallabin siliki mai ruwan ganye ta ɗora wa Biba a kafaɗa.

Suka kama hanyar gida. Yana gaba, tana baya da ƙwarya.

Washegari ya sayi kanwa a ɓoye ya gwada. Gaton ya tashi kam, amma ya yi duhu, ga ɗaci, ga warin sabulun salo. Ya rage kanwar, ya fito a kwance. Ya ƙara kaɗan, ɗacin ya dawo. Ita ma Madam ta bi littafinta da ruwan gishiri har sau uku, ba ta samu komai ba sai abin jefa wa kaji. A ƙarshe ta ce abin a hannu yake ba a takarda ba. Ta ba da umarni Biba ta riƙa zuwa kowace Talata da Asabar tana yi a nan gidan. Alƙasim ne aka sa ya kai saƙon.

Haka ya zama sau biyu a mako yana ba matarsa wuri a madafarsa. Yana jin Madam na kiran sunanta daga baranda, yana ganin Hamidu na miƙewa ya gai da ita a ƙofa. Ta fara tsintar kalmomi. Ta iya cewa zuma da ƙwai da Faransanci, Madam na gyara mata suna dariya.

Wata Asabar Madam ta ce yau ita za ta haɗa, Biba ta sa mata ido. Komai ya tafi daidai har zuwa ƙarshe, inda Madam ta ɗebi gishiri ta narkar a kofi za ta zuba. Biba ta riƙe mata hannu. Ta dubi kofin, ta ɗaga kai ta dubi Alƙasim da ke yankan albasa a ƙuryar madafa. Bai ɗago ba. Sai ta yi murmushi, ta karɓi kofin ta ajiye, ta zuba daga nata goran kamar dai nata gishirin ne ya fi kyau.

Da la'asar a gida tana shanya kallabin silikin a kan igiya ta ce, “Gishiri ka ce mata.”

“Anasara ba su da sunan kanwa.”

“Da ka ce ba ka san sunan ba. Gishiri ka ce.”

Can ya ce, “Gobe ni gaya mata. Kuskuren baki ne.”

“Bar shi yadda yake.”

Ya dube ta.

“In ta iya, ba ta sake aikowa a kira ni,” in ji Biba. “Shekara bakwai ina dafa maka, maigida, ban taɓa jin ka ce ya yi ba. Wagga mata ba ta jin Hausa, amma in ta ci nakan gane abin da take faɗi. Ina son zuwa. Kai ka yi ƙaryar, ni kuma ta yi mini amfani. Ka bar ta.”

Ya ɗauki buta ya ajiye. Sannan, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron maƙwabta su ji, ya yi tambayar da ya daɗe yana haɗiyewa.

“Kanwar, ludayi nawa?”

“Ba awo nike yi ba. Nonon yau daban, na gobe daban. Sai an ɗanɗana.” Ta gyara kallabin a igiya. “Ran Juma'a da hantsi ina yi wa su Lantana. In kana iya zama cikin mata, ka zo ka gani.”

Bai ce ai ya hana ta ba maƙwabta ba. Bai kuma zo ba.

Bayan shekara biyu aka ɗauke kumandan zuwa wani gari, Madam ta tafi da littafinta. Wanda ya gaje shi gwauro ne, ya zo da nasa kukun daga Dahome. Aka ba Alƙasim takardar shaidar aiki mai kyau aka sallame shi. A lokacin gaton kabewa ya riga ya fita daga bariki ya shiga gari. Matan gardi-gardi na aikowa, masu suna da masu biki na sa a yi musu, direbobin kamyo da suka dawo hanya suna tsayawa su saya su tafi da shi Ƙoni da Tawa.

Kasko biyu suka kasa. Alƙasim ya yi kwana huɗu yana kwaɓa ƙasa da harawa, ya gina mata tanderu a bayan rumbu, mai ɗaukar arba'in a shiga ɗaya. Shi ke faskare, shi ke duba wuta, kuma in kaka ta yi shi ke zuwa Garhanga da jakai ya ɗauko kabewa daga gonar surukarsa. Ga masu saye yakan ce rabin aikin gato wuta ce, ba kowa ya san haka ba. Suna ce masa gaskiya ne, suna leƙen bayansa su ga ko Biba ta fito.

Ya tsufa a wannan zauren. Baƙo kan zo ranar kasuwa, ya yi sallama, ya ce, “Baba, nan ne gidan Biba mai gato?”

“Nan gidan Alƙasim Kuku ne,” yakan ce.

Sai ya bar baƙon a tsaye ɗan lokaci yana waige-waige, kafin ya juya kai wajen cikin gida ya ce, “Biba, ana sallama.”